Babi na 7: Kiyaye Gobara da Fashewa a Wurin Gas na Kashin Shanu da Man Tsirrai

Iyayena da 'yan'uwana 'yan aji, sannunku da ƙoƙari. Wannan babi na duk wanda ke aiki ko zama kusa da rijiyar gas ne, wato ramin da ake dama kashin shanu da ruwa a zuba, ya ruɓe, ya ba da gas na girki. Masu ilimin abin suna kiransa bayogas. A nan Zariya kayan haɗinsa ba sa yanke mana: ga shanu, ga kashin kaji, ga tarkacen mayanka. Gas ne mai kyau, ba ya hayaƙi, ba ya baƙanta tukunya. Amma wuta ce a ɗaure, kuma dole a san inda igiyarta take.

A karanta a hankali. Wanda karatu bai zauna masa ba tukuna, na kusa da shi ya karanta masa da ƙarfi. Sannu ba ta hana zuwa.

Darasi na 1: Mene ne a cikin fayif ɗin?

Idan aka raba gas ɗin kashi 100, kashi 50 zuwa 70 wata iska ce da ake kira metan. Ita ce ke kamawa da wuta. Ba ta da launi, ba ta da wari. Mafi yawan abin da ya rage iskar kabon dayokzaid ce, wadda ba ta kamawa da wuta amma tana shaƙe mutum. Sai kuma 'yar kaɗan ta uku mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, haidirojin salfaid. Wannan guba ce. Sai dai tana yi mana amfani guda: warinta ne ke sanar da hanci cewa gas yana zuba.

Wuta ba ta tashi sai abu uku sun haɗu, kamar duwatsun murhu: abin da zai ƙone, da iska, da zafi ko tartsatsi. Ɗauke dutse ɗaya, tukunya ta kife. A cikin rijiya gas ba ya fashewa domin babu iska a ciki. Haɗarin yana farawa ne idan gas ya fito ya gauraya da iskar ɗaki. Idan metan ya kai kashi 5 cikin 100 na iskar ɗakin, har zuwa kashi 15, tartsatsi ɗaya ya isa ya ɗaga rufin kwano. Kashi 5 ba shi da yawa. A ƙaramin ɗakin girki da aka rufe ƙofa da taga aka kwana, risho ɗaya da aka bari a buɗe zai iya kai shi nan.

Ga wani abu da ya kamata a riƙe. Gas na silinda da ake saye a gidan mai ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa. Bayogas kuwa nauyinsa kusan ɗaya da iska, don haka yana bazuwa ya cika ɗaki. Shi ya sa ɗakin girki yake buƙatar kafar iska biyu, ɗaya a sama kusa da rufi, ɗaya a ƙasa. Kada a toshe su da tsumma ko kwali don sanyin hunturu.

Darasi na 2: Bawul

Wannan shi ne darasin da ya fi kowanne, kuma nan ne aka fi yin tuntuɓe. Za mu daɗe a kansa.

Bawul shi ne ɗan ƙarfen nan mai hannu da ke jikin fayif, wanda ake murɗawa gas ya wuce ko ya tsaya. Aƙalla guda biyu ne: babba a bakin rijiya, ƙarami kusa da risho. Je ka nemo su yau. Ka taɓa su da hannunka.

Idan hannun bawul ya kwanta ya bi tsawon fayif, a buɗe yake. Gas yana wucewa.

Idan hannun ya gitta fayif, a rufe yake. Gas ya tsaya.

Ku tuna da sandar da ake gittawa a titi idan jirgin ƙasa zai wuce. Sanda ta gitta, ba mai wucewa. Haka bawul. Ya gitta, a rufe. Ya bi fayif, a buɗe. Kowa ya miƙe hannunsa na hagu, shi ne fayif. Ya ɗora biro a kai, shi ne hannun bawul. Kwantar da biron ya bi hannu: buɗe. Juya shi ya gitta: rufe. A maimaita sau 10. Ba abin kunya ba ne dattijo ya yi wannan a gaban aji, ko kaɗan.

Me ya sa muke nanatawa? Domin da yawa suna iya faɗa da baki, amma idan aka ce su rufe da gaggawa, sai hannu ya rikice. Wani ya murɗa rabi ya tsaya. Rabin murɗi ba rufewa ba ne, gas yana nan yana wucewa. A murɗa har hannun ya tokare, ya gitta sosai. Wani kuma yana juyawa yana ta juyawa kamar famfon ruwa. Irin wannan bawul mai dogon hannu juyi ɗaya tak yake yi, kwata na da'ira. Idan ya ƙi motsi, kada a buge shi da dutse ko guduma, a kira mai gyara.

Mai shago ko mai gida ya samu fenti ya rubuta a bango kusa da bawul, da manyan baƙaƙe: BUƊE, RUFE. Ya zana hoton hannun a ƙarƙashin kowace kalma. Ku kwafi kalmomin nan biyu a littafinku sau biyar-biyar.

Yanzu kunna risho. Tsarin shi ne: a duba makunnin risho a rufe yake, a buɗe bawul na fayif, a ƙyasta ashana a kai ta bakin risho, sannan a buɗe makunnin risho a hankali. Wuta ce ke jiran gas. Idan ka buɗe gas kana laluben ashana a aljihu, gas ya riga ya taru, sai ya buso maka a fuska. Idan ashana ta mutu, rufe, jira minti ɗaya ko biyu, sake farawa. Harshen wuta mai kyau shuɗi ne. Idan an gama girki a rufe makunnin risho, sannan a rufe bawul. Ya gitta ko bai gitta ba? Duba da ido kafin ka bar wurin. Da dare kafin a kwanta, a je a rufe babban bawul na bakin rijiya. Shi ma a duba: ya gitta?

Darasi na 3: Idan an ji warin gas

Ka shigo ɗaki ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai. Abin yi huɗu ne, kuma a jere suke. Na farko, kada ka taɓa komai mai kawo tartsatsi. Makunnin lantarki na bango yana yin tartsatsi a cikinsa ko kunnawa aka yi ko kashewa, don haka a bar shi yadda aka same shi. Ba ashana, ba sigari, ba tocila, ba waya, ba tayar da janareto ko babur a kusa. Na biyu, buɗe ƙofa da tagogi. Na uku, fitar da kowa waje, yara da tsofaffi a gaba. Na huɗu, je ka rufe babban bawul na bakin rijiya. Hannun ya gitta fayif. Ya gitta sosai. Sai ka yi nisa kafin ka ciro waya.

Kada ka ce wari ya tafi don haka lafiya lau. Iskar nan mai wari idan ta yi yawa, kamar kashi 100 cikin miliyan, tana kashe jin warin hanci. Mutum ya daina jin komai alhali gubar ƙaruwa ta yi. Ciwon kai, jiri, ko yajin ido, duk alamu ne na a fita.

Neman inda gas ke zuba kuma da ruwan sabulu ake yi. Dama garin sabulu cokali 2 a kofin ruwa har ya yi kumfa. Buɗe bawul, rufe makunnin risho. Ɗauki soso ka shafa kumfar a kowace mahaɗa: inda tiyo ya shiga risho, inda fayif ya haɗu da fayif, da wuyan bawul kansa. Tsaya ka zuba ido. Inda ke yoyo za ka ga ƙwayar kumfa tana kumbura, ta fashe, wata ta taso a gurbinta. Rufe bawul, yi wa wurin alama da alli. A yi wannan gwaji kowane mako, da duk lokacin da aka sauya tiyo.

Haba jama'a! Har yanzu akwai masu bin fayif da ashana wai suna neman inda ke yoyo. An faɗa, an sake faɗa. Wanda ya yi haka ba kansa kaɗai ya sa a haɗari ba, har da matarsa da 'ya'yansa da maƙwabcin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Kofin ruwan sabulu nawa ne? Haka masu ɗaure tiyo da tsinken roba na tayar keke. Rana da zafi suna cinye robar cikin 'yan watanni. A sayi kilif na ƙarfe mai ƙusa, a ɗaure. Tiyon da ya fara tsagewa a yar da shi, ba a yi masa faci da leda.

Darasi na 4: Rijiyar kanta

Sabuwar rijiya, ko wadda aka buɗe aka gyara, gas ɗinta na farko gauraye yake da iska. Wannan shi ne mai fashewa, kuma wuta na iya bin fayif ta koma ciki. A saki cikawar farko da ta biyu a waje, a fili, babu wuta ko'ina kusa. Ba a taɓa gwada gas da ashana a bakin rijiya. A risho kawai ake gwadawa.

Gas yana tahowa da laima, ruwa ya taru a inda fayif ya fi sauka. Akwai ɗan tarkon ruwa a wurin. A zubar kowane mako. Idan wutar risho tana tsalle tana kukan ɓul-ɓul, ruwa ne.

Kada kowa ya shiga rijiyar gas, ko an kwashe ta. Iskar da ke shaƙewa da mai gubar duk sun fi iska nauyi, suna kwance a ƙasan ramin. Dabarar masu haƙar rijiya ta zura fitila don gwada iska, a nan kisa ce. Idan wani ya faɗi a ciki, kada ka bi shi. Sau da yawa mai ceto ne ke zama gawa ta biyu. Yi ihu, kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa 112.

Darasi na 5: Man tsirrai da sinadaransa

Masu yin bayodizel, wato man dizal na tsirrai, daga 'ya'yan bini-da-zugu ko tsohon man suya suna amfani da wani sinadari mai kama da ruwa da ake kira metanol, kusan lita 1 ga kowace lita 5 ta mai. Shi bayodizel ɗin ba ya saurin kamawa. Metanol ne abin tsoro. Tun daga zafin digiri 12 tururinsa ke kamawa da wuta, ga shi zafin Zariya a watan Afrilu yana wuce 35. Wutarsa ba ta ganuwa da rana. Yana tafasa a digiri 65, don haka ba a ɗumama haɗin a kan buɗaɗɗiyar wuta. Shansa yana makantarwa, yana kisa.

Da hunturu, tas-tas ɗin nan da kake ji idan ka cire riga tartsatsi ne. Kafin a juye sinadari daga duro zuwa duro, a haɗa su da wayar ƙarfe, a kai ta ƙasa. Duron da ya ƙare ba a kai shi wurin mai walda, tururi ne cike a ciki. Tsumman da ya sha mai yana iya ɗaukar zafi da kansa ya kama, a jefa shi a bokitin ƙarfe mai ruwa da murfi.

Darasi na 6: Idan wuta ta kama

Wutar gas ba a fara kashe ta, bawul ake fara rufewa, ya gitta. Idan an kashe harshen wuta gas na fita, zai taru ya fashe. Tukunyar kashe gobara mai hoda: allurarta ta kasance a kan kore. Tsaya taku 3 baya, ƙofa a bayanka. Zare fil, auna gindin wutar, matse, kaɗa hagu da dama. Hodar ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi take ƙarewa. Ba a zuba ruwa a wutar mai, yashi ake zubawa. Wutar da ta fi tsayinka, fita.

Darasi na 7: Ƙuna

A zuba ruwa mai sanyi minti 20. Ba ƙwai, ba manja, ba gishiri, ba man goge baki. A rufe da tsabtataccen ƙyalle a tafi asibiti. Babbar ƙuna, asibitin koyarwa na Shika.

Aikin gida: zana bawul a buɗe, zana shi a rufe, rubuta sunan kowanne a ƙasa.