Wa ke magana? Kurakuran ɗalibai wajen nazarin taurarin littattafai da masu ba da labari

Duk shekara in na karɓi takardun ɗaliban da nake yi wa bita a kan littattafan gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933 da kuma Magana Jari Ce, kurakuran da na gyara bara su nake sake tararwa bana.

Babbansu shi ne haɗa marubuci da mai ba da labari a mayar da su mutum guda. Ruwan Bagaja ya fi kowane littafi jefa yara cikin wannan rami, saboda tauraron sunansa Alhaji Imam, marubucin kuma Abubakar Imam. Sai ka ga an rubuta wai Abubakar Imam ya yaudari Malam Zurƙe, abokin hamayyar Alhaji a littafin. Haba! Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai lokacin da ya rubuta littafin, kuma bai taɓa fita neman wani ruwa ba. Wanda ya fita Alhaji ne, mutumin da aka ƙirƙira, kuma shi ma ba mu yake ba labarin ba, Koje Sarkin Labari yake ba a Kwantagora.

Ina jin zafin wannan ne don ya taɓa cina. A wata jarrabawa ina ɗalibi na cika shafi uku ina bayanin halin marubucin, alhali halin tauraro aka tambaya. Malaminmu ya ja jan biro tun daga sama har ƙasa, ya rubuta tambaya ɗaya: wa ke magana? Sai da na maimaita kwas ɗin, abokaina suka wuce suka bar ni. Tun daga ranar ba na fara nazarin littafi sai na rubuta abu uku a bangon ciki da fensir: wa ke faɗa, wa yake faɗa wa, me yake so a wurinsa. Wasu malamai sun fi son a fara da jigo, ni dai da wannan nake farawa.

Na biyu ya fi ba ni haushi, domin lalaci ne tsantsa: a tsinko labari daga Magana Jari Ce a yi masa sharhi kamar daga sama ya faɗo. Kun manta da Aku, tsuntsun da ke ba da labaran? A littafi na ɗaya ba don nishaɗi yake zuba labarai ba. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, Waziri na ƙulla makirci, Musa ɗan Sarki kuma ya matsa sai ya fita. Kowane labari dabara ce ta riƙe yaron a gida har lokaci ya ƙure. A na biyu gasa ce tsakanin Aku da wani akun mai suna Haziƙ, a na uku kuma ɗansa Fasih yake koyarwa. Bakin ɗaya ne, amma buƙatar kowane littafi daban ce, kuma zaɓin labaran na bin buƙatar. Wanda bai karanta 'yar hirar da ke gaban labari da bayansa ba, wallahi rabin aikin ya zubar. Ni nakan sa ɗalibaina su karanta waɗannan gaɓoɓi kaɗai a jere, su tsallake labaran, kafin mu koma kansu.

Akwai kuma raba taurari gida biyu, nagari da mugu. Ana saka Zurƙe a layin miyagu, alhali shi da Alhaji ƙeta suke yi wa juna, kuma duk abin da muka sani game da Zurƙe daga bakin abokin hamayyarsa muka ji shi.

Kada ku ɗauki cika-bakin Ganɗoki, tauraron littafin Bello Kagara, kamar rahoton tarihi don kawai ya ambaci yaƙe-yaƙen zuwan Turawa. Ku daina cewa tauraro jarumi ne ko mai haƙuri ba tare da kun kawo abin da ya aikata ba. Kuma taƙaita labari daban, nazari daban.

A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin yana gaya wa almajiransa wahalar da mahaifiyarsa ta sha tana nemansa, alhali ba ya wurin. Ku tambayi kanku daga ina ya samo wannan ɓangaren, ku koma littafin ku nemo amsar kafin ku zo mini aji.