Kurakuran da suka fi buɗe wa maharan intanet ƙofar tashoshin ruwa da na wuta, da yadda ake gyara su

A tashar tura ruwa, ko ta rarraba wuta, ko masana'antar tatsar man gyaɗa, akwai akwatin ƙarfe da ba kowa ke buɗe shi ba. Cikinsa ne otomat yake, ƴar na'urar da ke duba cikar shato da ƙarfin ruwa a bututu, ta tada pampo, ta tsayar da shi, ta buɗe bawul ko ta rufe. Daga nan bayanai ke zuwa allon ɗakin lura, tsarin da ma'aikata ke kira sikada. Mutanen Maradi sun san abin da ɗaukewar wuta ke jawowa: a watan Agusta na 2023, da Najeriya ta tsayar da wutar da ke shigowa ta layin kilobolt 132 daga Katsina zuwa Gazawa, pampo ya ji, asibiti ya ji, mai ƙanƙara da mai niƙa duk sun ji. Wanda ya samu shiga otomat daga nesa yana iya jawo irin wannan tsaiko ba tare da ya taka ƙofar tasha ba. Kuma galibi ba wata gwaninta ke shigar da shi ba, ƙofa yake tararwa a buɗe.

Modem ɗin da aka manta da shi

Wannan shi ne babba. Kamfanin da ya haɗa tashar yana Yamai, ko ma wata ƙasa, ba ya son tado mota duk ranar da pampo ya yi gardama, sai ya liƙa modem mai sim cikin akwati don ya riƙa shiga daga biro. Kwangila ta ƙare, modem yana nan yana ƙyafta fitila, babu wanda ya san lambar sim ɗin balle wanda ke da izinin shiga.

Haɗarin yana cikin harshen da na'urorin ke magana da shi. Wannan harshe, Modbus, wanda kamfanin Modicon ya fito da shi a 1979, ba ya tambayar wane ne kai. Duk wanda saƙonsa ya isa ƙofa ta 502, wato lambar mashigar da na'urar ke karɓar saƙon Modbus ta cikinta, yana iya rubuta sabon adadi, otomat kuma ya bi. Haka abin yake a ƙofa ta 102 ga tsofaffin na'urorin Siemens S7, da ta 2404 ga tashoshin wuta masu aiki da harshen IEC 104. Akwai shafi mai suna Shodan da ke zagaya intanet dare da rana yana jera irin waɗannan ƙofofi, don haka tunanin "wa ya san da mu a nan" ba ya kare kowa. A watan Nuwamba na 2023 an shiga na'urar Unitronics ta wata tashar ƙara ƙarfin ruwa a Alikwipa, jihar Fensilbaniya ta Amurka. A lokacin, irin waɗannan na'urori suna fitowa daga masana'anta da lambar sirri 1111, kuma an tarar da su da yawa a intanet ba a canza ta ba. A watan Janairu na 2024 kuma, a birnin Labib na Yukiren, an aika umarnin Modbus na ƙarya ga na'urorin ɗumama gidaje, gine-gine sama da 600 suka yi kusan kwana biyu cikin sanyi.

Gyaran yana farawa da ƙafa. A zaga akwati bayan akwati, a buɗe, a bi kowace waya har inda ta tsaya, a rubuta a littafi: sunan na'ura, samfurinta, adireshinta a rezo (layin da ke haɗa na'urori da juna), wanda ya saka ta, abin da take magana da shi. Eriya da ta leƙo daga saman akwati alama ce ta modem. Wanda ba a san amfaninsa ba a cire masa sim. Wanda ake bukata, a nemi kamfanin waya ya ba da keɓaɓɓen layin bayanai wanda bai fita intanet, a goge duk ƙa'idar tura ƙofa da ke cikin modem, kada a shiga sai ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai kariya ta cikin intanet, kowane mutum da asusunsa, tare da lamba ta biyu da ke zuwa a wayarsa. Bututun mai na Colonial a Amurka ya tsaya kusan kwana shida a watan Mayu na 2021 saboda tsohon asusun VPN guda da ba shi da wannan mataki na biyu, kuma kamfanin ya biya fansar dala miliyan 4.4.

Akwai dabara mai arha da muke ganin ta fi dacewa da ƙananan tashoshi: a sa wa modem makunni mai ɗan makulli. Ɗan kwangila ya kira shugaban aiki, a kunna, ya yi aikinsa ana kallon allo, a kashe, a rubuta awa da dalili. Modem ɗin da ba wuta a jikinsa babu mai shigarsa.

Cajin waya da kilen USB

Ranar da aka ɗauke wuta a unguwa, ɗakin lura ne kaɗai ke da haske saboda ondila, na'ura mai batir da ke riƙe wuta in an ɗauke, sai ka ga wayoyi uku huɗu rataye a bakin kwamfutar sikada suna caji. Waya ma'ajiyar fayil ce, kuma in an kunna raba intanet ta USB, ta zama modem a take. Hani da baki ba ya aiki a nan, domin bukatar cajin gaskiya ce. A kafa soket mai baki shida a bango, nesa da teburin lura, a haɗa shi da ondila, sannan a toshe bakunan USB na kwamfutar da marfin roba mai makulli, a kuma kashe su daga cikin Windows.

Stuxnet, ƙwayar cutar kwamfuta da aka gano a 2010 bayan ta lalata injinan tace yuraniyom a Natanz ta Iran, an ƙera ta ne don ta yi tafiya a kile, ta kai ga wuraren da ba su da intanet. Tasha ta mallaki kile biyu nata, masu launi daban da na kowa, da tsohuwar kwamfuta guda a bakin ƙofa wadda aikinta kawai duba fayil kafin ya shiga. Kwamfutar hannu ta shirya otomat ita ma ta zama ta tasha, tana kulle a ma'aji, ba a buɗe imel ko WhatsApp da ita. Ta ɗan kwangila ta kwana a wurare goma kafin ta iso gare ku. Haka nan manhajar sata, da ƴan kayan da ake saukewa don fasa lambar sirrin otomat in an manta ta: a 2022 kamfanin Dragos ya nuna irin wannan kaya yana fito da lambar, amma yana dasa ƙwayar Sality a kwamfutar a lokaci guda.

Rezo ɗaya na biro da na injina

In kwamfutar akawu tana iya ganin otomat, to imel guda da aka buɗe bisa kuskure ya isa. Haka aka fara a Yukiren: wasiƙun yaudara masu ɗauke da fayilolin Office, aka zauna watanni cikin rezon biro ana tattara lambobin sirri, sannan ranar 23 ga Disamba 2015 aka buɗe makunnan tashoshi daga nesa, kimanin gidaje da ma'aikatu 225,000 suka rasa wuta. A raba rezon biyu da katangar tace saƙo, ƙa'idarta ta farko ita ce hana komai, sai a buɗe abin da aka rubuta dalilinsa kawai. In darakta yana son ganin alƙaluman ruwa daga biro, a sa kwamfuta ta tsakiya da ke karɓar kwafi daga sikada, biro ya karanta daga gare ta. Wannan shi ne abin da ƙa'idar tsaron na'urorin masana'antu ta IEC 62443 ke nufi da rarraba tsari shiyya shiyya. Kyamarorin tsaro da Wi-Fi na baƙi kada su taɓa hawa layin injina.

Lambar sirri ɗaya ga kowa, a rubuce jikin allo, ko hotonta na yawo a zauren WhatsApp na ma'aikata, ba ta bukatar dogon bayani. Abin da aka fi mantawa shi ne ranar rabuwa. A shekarar 2000 a Maruci ta Ostiraliya, wani da ya taɓa aiki da kamfanin da ya haɗa tsarin magudanar ƙazanta ya riƙa aika umarni ta rediyo daga motarsa, lita kusan 800,000 ta malala cikin rafuka da wuraren shaƙatawa. Ranar da ma'aikaci ko ɗan kwangila ya tafi, a ranar za a rufe asusunsa, a karɓi makulli da kile, a canza duk lambar da ya sani.

Babu kwafin shirin otomat

Tambayi tasha goma inda shirin otomat ɗinsu yake, da yawa za su ce yana wurin wanda ya haɗa. Nan ne zafin Maradi ke shigowa cikin maganar, domin ba sai an kawo hari ba ake rasa shiri. Otomat irin S7-400 yana riƙe abin da ke ƙwaƙwalwarsa da batirin litiyom mai bolt 3.6 in wuta ta ɗauke. Batir ya mutu, jar fitila ta kama ba wanda ya kula, aka ɗauke wuta, gurup ya yi jinkirin tashi, shike nan otomat ya farka ba komai a kansa in shirin ba ya kan kati mai riƙe bayani. A canza batirin duk shekara, kuma otomat yana kunne ake canza shi. Batirin ondila ma haka: mai dalma yana rasa kusan rabin rayuwarsa a duk ƙarin digiri 10 sama da 25. Wanda aka rubuta masa shekara biyar, a ɗaki mai digiri 35 shekara biyu da rabi zai yi, a akwatin da ke shan ranar Afrilu da Mayu kuwa bai fi shekara da ƴan watanni ba. A gwada shi da lodi na gaske duk wata shida, a hure ƙurar hunturu daga matatar iskar akwati, a duba fankarsa.

Abin da za a kwafa ya wuce shirin otomat kaɗai. Akwai zanen allon lura, saitin baryatar da ke sarrafa gudun pampo, saitin na'urorin kariya na tashar wuta, saitin modem da katanga, lasisin manhaja, da lambar sigar manhajar da aka rubuta shirin da ita, domin sabuwar siga ba kullum take buɗe tsohon fayil ba. A ajiye kwafi uku a ma'aji iri biyu, ɗaya a wani gini dabam kuma ba ya haɗe da kowane rezo, tunda ƙwayar neman fansa tana kulle duk abin da ta iya gani. A sabunta bayan kowane canji. Sau ɗaya a shekara a ɗauko otomat na ajiya, a ɗora shi kan tebur, a loda kwafin, a ga ya tashi. Sau da yawa nan ake gano cewa fayil ɗin na shekara huɗu da suka wuce ne, ko kuma wayar loda shirin ta ɓata. A sa mallakar shiri da lambobin sirrinsa cikin kwangila tun kafin a biya kuɗin ƙarshe.

In otomat yana da makulli a gabansa, a mai da shi kan RUN, wato matsayin aiki, a zare, a ajiye wurin shugaban aiki. A 2017, a wata masana'antar sinadaran man fetur ta Saudiyya, ƙwayar Triton ta samu rubuta kanta cikin na'urar kariya ta Triconex ne saboda an bar makullin a matsayin karɓar shiri.

Gyaran da ya fi ɓarna

Akwai kuskure na masu himma. Ma'aikacin kwamfuta na biro ya zo da manhajar binciken rezo ya saki a layin injina, tsohon otomat ya ruɗe da yawan saƙo ya tsaya cak. Ko a bar Windows tana sabunta kanta, ta sake tashi da tsakar dare pampo na aiki. Sabuntawa sai da amincewar mai manhajar sikada, bayan an ɗauki kwafi, a lokacin da aka tsara tsayar da aiki, kuma gara a yi shi cikin sanyin Disamba da Janairu, ba da bazara ba lokacin da gari ke kukan ruwa. Kwamfutar da ke kan Windows 7, wadda Microsoft ta daina tallafa wa ranar 14 ga Janairu 2020, in ba halin sauya ta, a killace ta: ba intanet, ba USB, ba abin da ke tashi a kanta sai manhajar lura.

An manta tuƙi da hannu

Abin da ya maido da wuta a Yukiren cikin ƴan awoyi shi ne ma'aikata sun shiga mota sun je tashoshi sun rufe makunnai da hannu, alhali kwamfutocinsu a goge suke. Kowane pampo ya kasance da makunnin zaɓi mai matsayi uku, kai-tsaye, tsayawa, hannu, kuma matsayin hannu ya bi waya zalla ba ta cikin otomat ba. Wannan sai an gwada, don akwai akwatunan da aka haɗa su yadda in otomat ya mutu hannun ma ya mutu. Kariyar da ke hana babbar ɓarna ita ma ta zama ta waya da ƙarfe: makunni mai yawo a kan ruwa da ke yanke pampo in shato ya cika, na'urar da ke tsayar da shi in rijiya ta ja baya, makunnin matsin bututu. Pampon zuba kilor a daidaita shi daga maɓallin jikinsa yadda ko an ba shi umarnin ƙarshen gudu ba zai wuce ƙima ba.

A yi atisaye sau biyu a shekara, har da masu aikin dare: a kashe allon lura na awa biyu, a tuƙa tasha da agogon matsi da sandar awon shato da rediyon hannu. Zanen wayoyi da lambobin waɗanda za a kira su kasance a takarda cikin leda, manne a bayan ƙofar akwati.

In wata rana aka ga kibiyar allo tana tafiya ba mai riƙe da linzami, ko adadi ya canza ba wanda ya taɓa, a juya makunnai zuwa hannu tukuna, a zare wayar rezo da ta modem, a bar otomat da kwamfutar a kunne. A ɗauki hoton allo da waya, a rubuta awa da minti, a sanar da shugaban aiki. Kada a goge kwamfutar don a yi saurin komawa aiki, domin a cikinta ne za a gano ta inda aka shigo, kuma sai an toshe wannan hanya za a loda kwafin ajiya.