Fatsar kifin tiraut da iyali a Ingila: kurakuran da sabbin shiga suka fi yi

Wanda ya tashi inda ake kamun tarwaɗa da karfasa, ya zo Ingila ya ce zai kwashi yara ranar Asabar su je fatsar tiraut, yawancin kurakuransa daga abin da ya saba da shi a gida za su fito. Tarwaɗa tana zaune lafiya a ruwan ɗumi mai taɓo, tana cin duk abin da ta samu, ko an fito da ita tudu sai ta yi awanni tana motsi. Shi kuwa tiraut kifin ruwan sanyi ne garai-garai, ga ido, ga tsoro, ga saurin mutuwa.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi tun daga gida ake yin sa, wato fita ba takarda. A Ingila da Wales duk wanda ya kai shekara 13 sai ya mallaki lasisin sandar fatsa, wanda Hukumar Kula da Muhalli ke bayarwa ta intanet, na kwana 1 ko 8 ko na shekara. Na ɗan shekara 13 zuwa 16 kyauta ne, amma sai an yi masa rajista. Na ƙasa da 13 ba ya buƙata, sai dai idan kai uba za ka riƙa kama masa sandar, to kai ka sayi naka. Tarar rashin lasisi tana iya kaiwa fam 2,500. Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne zaton lasisin ya buɗe musu kowane ruwa. Bai buɗe ba. Kusan kowane rafi da tafki yana da mai shi, ko manomi ko ƙungiyar masu fatsa ko kamfanin ruwa, kuma sai ka sayi tikitin yini a wurinsu.

Sai zaɓen wuri. Mutum ya ji sunan Rutland Water ko Grafham Water, ya ce can za a fara. Manyan madatsun ruwa ne, kifin ya bazu, iska tana kaɗawa, gwanaye ma sukan dawo hannu wofi, balle yaro ɗan shekara bakwai da ke jiran ya ga abu ya motsa. Ku fara da ƙaramin tafki irin wanda ake zuba masa kifin kiwo a kai a kai. Galibi tiraut mai launin bakan gizo ake zubawa, ɗan asalin yammacin Arewacin Amurka, kuma ya fi tiraut mai launin ruwan ƙasa na rafukan Turai saurin kai cafka. A irin wannan tafki ana kama shi duk shekara, alhali rafuka ana rufe su ga mai ruwan ƙasa daga wajen Oktoba zuwa Maris, lokacin da yake zuba ƙwai, kuma ranakun sun bambanta daga yanki zuwa yanki. Ka buga waya kafin ku fita, ka tambaya ko an yarda a sa tana a ƙugiya, domin wurare da yawa ƙudan bogi, wanda ake haɗawa da zare da gashin tsuntsu a jikin ƙugiya, kaɗai suka yarda da shi. Kada kuma ka watsa burodi ko tsaki a ruwa don tara kifi, yawancinsu sun hana.

Lokaci ma yana yaudarar mu. Rana ta buɗe a watan Yuli, kowa ya ji daɗin jikinsa, sai a ce yau ce ranar fita. Idan zafin ruwa ya doshi digiri 20 tiraut yakan nutse ƙasa ya daina ci. Afrilu da Mayu da Satumba sun fi, da sassafe ko da la'asar sakaliya, musamman ranar da hadari ya rufe rana kuma iska ta ɗan yamutsa fuskar ruwa.

Jifa da ƙuda shi ne wurin da ya fi ba sabon shiga haushi. Ƙudan ba shi da nauyi, igiyar ce mai nauyi, ita ke ɗaukar sa ta kai shi. Wanda ya saba wurga dalma sai ya riƙa fyaɗa sandar da ƙarfi yana karya wuyan hannu, igiya ta taru a gabansa dunƙule. Gyaran shi ne a ɗaga sandar a tsayar da ita cak daidai kunne, a ɗan dakata har igiyar ta miƙe a baya, sannan a turo gaba. Idan ka ji ƙara tas a bayanka, ka yi gaggawa, kuma mai yiwuwa ƙudan ya tsinke ya tafi. A gwada wannan a filin ciyawa da ɗan ulu a ɗaure a bakin zaren kafin a je ruwa. Ni dai ban ga amfanin sayen kaya masu tsada a karon farko ba, tunda tafkuna da yawa suna ba da hayar sanda, wasu har da mai koyarwa.

A nan ne kuma haɗari yake. Kowa ya sa tabarau da hula, har wanda ya zo kallo kawai. A matse ɗan haƙorin ƙugiya da filaya, yadda ko ta shiga yatsa za ta fita salin-alin. Kada yaro ya tsaya a bayan mai jifa, kuma a duba sama, domin sandunan zamani suna ɗaukar wutar lantarki idan suka kusanci waya. Ƙananan yara su sa rigar kariya daga nitsewa ko da a gaɓa suke, ruwan ƙasar nan sanyinsa kaɗai yana ɗauke numfashi.

Tiraut yana jin takun ƙafa a gaɓa, yana ganin inuwa. Yaran da ke guje-guje a bakin ruwa sun kore shi kafin a yi jifan farko. Tsawa ba ta gyara wannan. A ba su wuri can baya su yi wasa, a riƙa kiran su ɗaya bayan ɗaya, kuma kada fitar farko ta wuce awa biyu. Uban da ya ce "bari in nuna maka" ya riƙe sandar har magariba, kansa ya kawo yawo.

Idan kifi ya kama, a bar shi ya ja ya gaji, sanda a sama, sannan a sa koma a ƙarƙashinsa. Wanda za a mayar ruwa, a jiƙa hannu kafin a taɓa shi, don busasshen hannu yana goge yauƙin da ke kare fatarsa, kuma a cire ƙugiyar yana cikin koma a cikin ruwa. Wanda za a ci, a buge shi a ka nan take da ɗan kulki, kada a bar shi yana birgima a ciyawa. Tikitin ya faɗi adadin da aka yarda a tafi da shi, kar a wuce. A fitar da kayan cikinsa da wuri a sa shi a kula mai ƙanƙara, domin tiraut da ya yini a leda cikin but ɗin mota namansa saki yake yi kafin a iso gida.