Yadda jami'in kula da karayar kamfani zai sayar da filin kamfanin ƙetare a Birtaniya

Tun da Birtaniya ta zartar da dokar yaƙi da laifuffukan tattalin arziki a watan Maris na 2022, duk kamfanin ƙetare da ke da fili ko gini a ƙasar dole ne ya bayyana mutanen da ke bayansa. An buɗe rajistar wannan bayani a ranar 1 ga Agusta 2022 a Companies House, wato hukumar rajistar kamfanoni, aka kuma ba waɗanda suka riga suka mallaki filaye wa'adi zuwa 31 ga Janairu 2023. Jami'in da aka naɗa ya tattara dukiyar kamfanin da ya karye domin biyan masu bin bashi yakan gāji duk sakacin da daraktoci suka yi a kan wannan doka, kuma sau da yawa ba ya gano hakan sai ciniki ya faɗa. Abin da ya fi shi ne ya duba lamarin tun ranar da aka naɗa shi.

Matakin farko shi ne tabbatar da cewa dokar ta shafi kamfanin. Kamfanin ƙetare a nan yana nufin duk wanda dokar wata ƙasa da ba Birtaniya ba ce ta kafa shi, har da na tsibiran Jersey da Guernsey da Isle of Man, duk da alaƙarsu da masarautar Birtaniya. Sai a dubi irin haƙƙin da yake da shi a kan filin da kuma lokacin da ya same shi. A Ingila da Wales dokar ta shafi mallaka ta dindindin da hayar da ta wuce shekara 7, kuma ta koma baya har zuwa 1 ga Janairu 1999. A Scotland hayar sai ta wuce shekara 20, komawar baya kuma ta tsaya a 8 ga Disamba 2014.

Daga nan sai a nemi takardar mallakar filin daga hukumar rajistar filaye, a karanta ko an rubuta takunkumi a kanta. Takunkumin yana hana hukumar rubuta sayarwa, ko jingina, ko doguwar haya, muddin kamfanin bai cika sharaɗin rajista ba. A lokaci guda a duba Companies House ko kamfanin yana da lambar shaida ta kamfanonin ƙetare, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, domin samun lambar kaɗai bai wadatar ba. Doka ta wajabta sabunta bayanai kowace shekara, cikin kwana 14 bayan cikar shekarar, kuma kamfanin da ya tsallake wannan ana ɗaukarsa tamkar bai taɓa yin rajista ba har sai ya gyara. Kamfanin da bashi ya yi wa katutu kuwa, da wuya a ce daraktocinsa sun tuna da wannan takarda a watanninsu na ƙarshe.

Mataki na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne jami'in ya tantance da wane iko zai yi sayarwar. Dokar ta ware wasu hanyoyi da takunkumin bai toshe ba. Daga cikinsu akwai sayarwar da kotu ta ba da umarninta ko wata doka ta tilasta, da wadda aka ƙulla yarjejeniyarta kafin a rubuta takunkumin, da wadda mai riƙe da jinginar da aka yi wa rajista ya yi da ikonsa na sayarwa, ko wakilin da shi ya naɗa ya yi, da kuma wadda ministan da abin ya shafa ya amince da ita. Akwai ma wani sashe da ya ambaci jami'an karaya, amma ya bar wa ƙa'idoji su fayyace waɗanne jami'ai ne da kuma a wane yanayi, saboda haka kada jami'i ya ɗauka cewa muƙaminsa kaɗai ya kuɓutar da shi. A ganina, idan filin yana da jingina a kansa, tattaunawa da bankin da ke riƙe da jinginar a kan ya sayar da filin da ikonsa na sayarwa takan fi sauri da arha. Idan babu jingina, sai a zaɓi ɗaya cikin biyu: neman umarnin kotu, ko gyara rajistar kamfanin.

Idan gyaran rajista aka zaɓa, sai a gano masu mallaka na haƙiƙa. Mutum yana shiga wannan sahu idan yana riƙe da fiye da kashi 25 cikin ɗari na hannun jari ko na ƙuri'u, ko yana da ikon naɗawa da tsige mafi yawan daraktoci, ko kuma yana juya akalar kamfanin ta wata hanya mai ƙarfi. Ana aika wa duk wanda ake kyautata zaton yana cikinsu sanarwa a rubuce, kuma yana da wata ɗaya ya amsa. Bayan haka wani ƙwararre da ke ƙarƙashin dokokin Birtaniya na hana halasta kuɗin haram, kamar lauya ko akanta, zai tantance bayanan, kuma tantancewar ba za ta girmi wata uku ba a ranar miƙa takardu. Masu hannun jarin kamfanin da ya karye ba su cika ba da haɗin kai ba, tunda babu abin da ya rage musu a ciki, don haka jami'in ya adana kwafin kowace wasiƙa da ya aika da ranar aika ta.

Wannan binciken yakan tono wani abu dabam. Idan ɗaya daga cikin masu mallakar yana cikin waɗanda Birtaniya ta ƙaƙaba wa takunkumin kuɗi, sai an nemi lasisi daga ofishin baitulmali mai kula da takunkumi kafin a taɓa filin ko kuɗinsa.

Kafin sa hannu, a duba mai saye shi ma, domin idan kamfanin ƙetare ne ba za a rubuta sunansa a matsayin mai fili ba sai ya kawo tasa lambar. Sayarwar da ta keta takunkumin da ke kan takardar mallakar filin laifi ce da hukuncinta kan kai ɗaurin shekara biyar, rashin sabunta bayanai kuma yana jawo tarar da kan kai fam 2,500 a kowace rana. Bayan an rubuta sunan sabon mai fili, idan kamfanin da ya karye ba shi da sauran fili a ko'ina cikin Birtaniya, sai a nemi Companies House ta cire shi daga rajistar, domin wajibin sabuntawa na shekara-shekara ba ya faɗuwa sai an cire sunan.