Idan aka raina ka saboda Turancinka a Amurka ko Ingila

Da wuya a fito fili a ce maka ba a son baƙi. Abin da za ka ji shi ne "ba na gane maganarka", ko a ce an riga an ba da hayar ɗakin da zarar an ji muryarka a waya, ko a mayar da kai bayan kanti inda ba za ka haɗu da masu saye ba. Abin yana ƙona rai, kuma galibinsa doka ta haramta shi.

Karin harshe daban, rashin iya aiki daban. A Amurka, dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta hana nuna bambanci a wurin aiki saboda asalin ƙasar mutum, hukumar EEOC, mai karɓar ƙorafin nuna bambanci a wurin aiki, kuma ta ce karin harshe yana ciki. Ba a hana ka aiki ko ƙarin girma saboda shi, sai an nuna cewa da gaske yana kawo cikas ga aikin. Cewa masu saye sun fi son wata irin murya ba hujja ba ce. Haka ƙa'idar "Turanci zalla": ana iya sa ta inda tsaro ko aikin ya bukata, amma hana ku yarenku har lokacin hutu da wuya ya tsaya a gaban hukuma. Dokar ta shafi wuraren da ke da ma'aikata 15 zuwa sama. A Ingila, dokar daidaito ta 2010 ba ta ambaci harshe da sunansa ba, ana shigar da ƙarar ne ta ƙofar ƙabila da asalin ƙasa.

Inda 'yan'uwa suka fi yin asara shi ne wa'adin shigar da ƙara. Ana ta haƙuri har lokaci ya ƙure. A Amurka kwana 180 ne daga ranar da abin ya faru, ya kai 300 a jihohi da yawa. A Ingila ka ƙirga wata uku ba kwana ɗaya, kuma dole ka fara sanar da hukumar sulhu ta Acas kafin kotun ma'aikata.

Don haka ka rubuta komai a ranar: kwanan wata, lokaci, ainihin kalmomin da aka faɗa, da wanda yake wurin. Ka ajiye a wayarka, ba a kwamfutar wurin aiki ba, domin ranar da aka sallame ka za a rufe ta. Ƙorafi kuma ka tura shi ta imel. Maganar baki tana da saurin musu.

A asibiti, kotu da ofishin 'yan sanda ka nemi tafinta, galibi ba kai za ka biya ba. Ka faɗi sunan harshen tun lokacin da kake neman ranar ganin likita, saboda samo tafintan Hausa yakan ɗauki lokaci, sau da yawa ta waya za a haɗa ku. Kada ka sa ɗanka ya yi maka tafinta. Yaro bai san sunayen cututtuka ba, kuma akwai abin da ba za ka iya faɗa a gabansa ba. Kada ka gyaɗa kai don kunya alhali ba ka gane ba, za a rubuta cewa ka amince. Takardar da ba ka fahimta ba, ka ce a ba ka kwafi ka tafi da shi kafin ka sa hannu.

Ta ɓangarenka, rage sauri ya fi ɗaga murya amfani. Sautukan da suka fi ba mu wahala su ne p da f, sai v da b. Lambobi kuma suna rikitarwa a waya, musamman 13 da 30, 15 da 50. In kuɗi ne, ko adadin magani, ko lambar gida, ka faɗe su ɗaya bayan ɗaya, sannan ka ce a turo maka a rubuce.