Bindiga a Ɗaki, Waƙa a Takarda: Inda Marubuta Ke Zamewa

Tun da gwamnatin Zamfara ta ce wa jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga a watan Yunin 2022, zancen ajiye makami a gida ya fito fili, matasa masu rubuta waƙa kuma suna ta taɓa shi. Jigon yana da kyau. Zubi da tsarin ne ke kayar da mafi yawansu.

Abin da aka fi yi shi ne harba bindigar tun a baiti na biyu. An gama basmala da salati ke nan, sai ƙara, sai jini, sai kuka. To me ya rage? Bindigar daji aikinta tashi, amma ta gida aikinta zama: tana jingine a bayan ƙofa, ko a naɗe cikin tsohon buhu a ƙarƙashin gado, an ɗura mata albarushi, kowa ya san da ita, ba mai ambatonta. Tsoron yana cikin jiran. Ka bar ta a ɗure har waƙar ta kusa ƙarewa, ko ma kada ta tashi sam.

Babbar asarar kuwa a amsa-amo take, wato sautin da layukan waƙa ke ƙarewa da shi iri ɗaya. Mai rubuta ƙwar biyar, wato waƙar da kowane baitinta ke da ɗango (layi) biyar, yana da amsa-amo iri biyu: ƙarami, wanda ke haɗa ɗango huɗu na farko kuma yake sauyawa daga baiti zuwa baiti, da babba, wanda ke ɗango na biyar, ba ya motsi har ƙarshen waƙa. Da yawa suna watsa bindigar ko'ina, ta fito a ɗango na ɗaya nan, na uku can. Gyaran shi ne a raba aiki. Ɗango huɗun su ɗauki hidimar gida da ke sauyawa: uwargida tana tuƙa tuwo, yara sun dawo daga islamiyya, an yi baƙi, an yi suna. Na biyar ya zama na bindiga kaɗai, kullum a wuri ɗaya, da sauti ɗaya. Mai sauraro zai ji rayuwa tana tafiya, abu guda ya ƙi tafiya, ba tare da an gaya masa ba. Sai dai a kula, in aka kafa amsa-amon a kan "ga" don kawai ya dace da bindiga, riga da taga za su ƙare da wuri, a koma jawo kalmomi da ƙarfin tsiya. Ba dole sunanta ya zo a ƙarshen ɗango ba.

Sai kari, wato ma'aunin tafiyar sautin waƙa. Karin Mutadarak yana da daɗin rerawa, shi ya sa ake rububinsa, amma tafiyarsa irin sassarfar doki ce. Ya fi dacewa da waƙar mafarauta ko 'yan banga a kan hanya. Ɗakin da kowa ke taka a hankali yana son dogon ɗango, irin na karin Ɗawil ko Basiɗ.

Wasu kuma kowane ɗango sai sun rufe shi da cikakkiyar ma'ana, ko'ina lafiya lau. A ce yaro ya zura hannu ƙarƙashin gado yana laluben ƙwallonsa. A nan gangara ke da amfani, maganar ta tsallaka zuwa ɗango na gaba kafin a san me ya taɓa. In ana son a tsananta, a yi sabi-zarce: baitin ya ƙare hannun yana ciki, kunamar bindigar sai a baiti na gaba. Sau ɗaya ya isa, in ya yawaita ya zama ado.

A marufi, wato baitocin rufe waƙa, addu'a da sunan mawaƙi al'ada ce, ba laifi. Baiti biyar na nasiha kan haɗarin makami ne ya kamata a yanke, don ɗango na biyar ya riga ya yi wannan aikin tun daga baitin farko.