Hutun Tsibiri a Satumba: Kurakuran da Matanmu Ke Yi Wajen Haɗa Akwati

Daga tsakiyar Agusta shagon ɗinkina a nan Bauchi yake fara cika da mata masu shirin tafiya. Wata za ta raka 'yarta makaranta Saifurus ta ɗan huta a can, wata za ta je sarin kaya Santambul ta tsallaka tsibirin Buyukada da ke kusa da birnin, wata kuma maigida ne ya yi mata alkawarin tsibirin Santorini na Girka ko Malta. Abin da ke ƙona mini rai, kusan dukansu ɗinki iri ɗaya suke kawowa. In ce ba zai yi ba, su ce ai haka suka gani a hoto. Su dawo a Oktoba suna ba ni labarin wahalar da na riga na faɗa musu. Na gaji da yi wa kowa bayani ita kaɗai, shi ya sa na zauna na rubuta.

Tun daga yanayi ake fara kuskure. Mace ta ji an ce Turai, sai ta nufi Wunti ta tsinto jibgegiyar rigar sanyi a gwanjo, har da safar hannu. Hajiya, tsibiran Bahar Rum a Satumba zafi ake yi. A gaɓar Saifurus rana kan kai digiri 30 ko ta ɗan wuce, ruwan teku yana wajen 26 zuwa 27, ruwan sama kuwa sai jefi-jefi, lokacin da mu nan damina ba ta gama sallama ba. Wata kuma da ta ji haka sai ta tafi ba ko abin yafawa mai kauri. Ita ma za ta sha mamaki, domin da rana ta faɗi iskar teku ke tasowa, ga sanyin na'ura a jirgi da otal, in kuma aka hau duwatsun Turodos na Saifurus abin ya fi haka. Rigar saƙa guda mai buɗaɗɗen gaba da babban mayafi mai kauri guda, sun ishe ki har farkon Oktoba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna: iska. Ba a ba ta muhimmanci, ita ce kuwa mai tona asiri. A tekun da ke tsakanin Girka da Turkiyya akwai iskar arewa da ake kira meltemi, ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta amma takan taɓa har Satumba, wani lokaci ma ta hana ƙananan jiragen ruwa tashi. Ko ba ita ba, duk wanda ya hau saman jirgin ruwa zai san iskar teku daban take.

Ni a hanyar Buyukada ta same ni, tafiyar wajen awa ɗaya da rabi daga tashar jirgin ruwa ta Kabatash a Santambul. Riga da zani na atamfa ne a jikina, da gyalen shifon na yafa kamar yadda nake yi in zan shiga kasuwa. Na fito bakin ƙarfen jirgi ina ɗaukar hoton tsuntsayen da ke bin mu, waya a hannun dama. Iska ɗaya ta shigo ta ƙasa ta buɗe zanin, ta ɗaga gyalen sama. Hannun hagu ya tafi kan zani, na dama ya bi gyale, wayar ta bugi ƙarfe ta faɗa ruwa ina kallo. Gyalen ma ya tafi. A cikin wayar nan akwai lambobin dillalaina, da hotunan odar mata da suka riga suka ba ni kuɗinsu, da awon wasu amare. Na koma ciki na zauna da ɗankwali kawai a tsakiyar maza, wata dattijuwa Baturkiya ce ta ciro kallabi daga jakarta ta miƙo mini. Sai da na biya wasu kwastomomi daga aljihuna saboda kayan da na saro musu ba su ne suka ce ba.

Saboda haka in na ce a bar zani a gida, ba son raina nake faɗa ba. In atamfar ce ba ki iya rabuwa da ita, a mayar da zanin siket mai zif, kuma kada a yi masa buɗaɗɗen yanka irin wanda ke tashi kamar lema. Kowace doguwar riga da na ɗinka wa matafiya sai na yi mata kalmasa mai faɗi, in ninka sau biyu, don bakin ya yi nauyi ya kwanta. Kuma ba na barin mace ta fita shagon sai ta yarda za ta sa wando mara kauri a ƙasa, kowace rana, ko da abaya ce. Wasu teloli na ganin na cika tsanani. Su ba su tsaya a bakin ƙarfen nan ba. Gyalen shifon da na siliki ki ajiye wa cin abincin dare a cikin otal. Na yawo shi ne na jesi, da hular ciki, da fil guda biyu a ƙalla, ko kuma ƙaramin hijabi mai shiga ta kai wanda ya tsaya a ƙugu. Babban hijabi har ƙasa shi ma iska na cika shi, ya rufe miki fuska a kan matakala. Waya kuwa a sa mata igiya a rataya, ko ta zauna a jaka mai zif da ake goyawa ta ƙirji.

Na uku takalmi. Wallahi ban san abin da ya haɗa matanmu da sabon takalmi ranar tafiya ba. A saya a daren jajibiri, a ciro daga kwali a filin jirgi, a ce za a yi yawon tsibiri da shi. Kin san inda za ki kuwa? Buyukada ba a yarda da motocin haya da na gida irin namu ba, keken doki ma an daina tun 2020, sai ƙananan motoci masu lantarki da layinsu kan yi tsawo, sauran duk ƙafa ce, kuma hawa ne da gangara. A Santorini daga tsohuwar tashar jirgin ruwa zuwa garin Fira matakala kusan 600 ce, in ba ki samu shiga motar igiya mai hawa da mutane sama ba. Tsohuwar tashar Girne ta arewacin Saifurus da lungunan Baleta, babban birnin Malta, duk daɓen dutse ne da ƙafafun mutane suka goge ya yi santsi. Girka ma tun 2009 ta hana takalmi mai tsini a wuraren tarihi saboda yana cin dutsen.

Ƙanwata ta tafi da wani mai duwatsu masu ƙyalli da silifas ɗin roba, shi ke nan. Washegarin isarmu diddigenta ya yi bororo, ya fashe, ruwan gishiri ya shiga. Ranar da muka yi niyyar fita ta kwana tana jiƙa ƙafa, sauran hutun a baranda ta yi shi tana kallon teku daga nesa, kuɗin jirgin yawo da muka riga muka biya ya bi ruwa. Ita ma da sauƙi tunda yarinya ce. Iyayenmu masu ciwon suga fa? Ƙaramin gyambo a ƙafa ba abin wasa ba ne a wurinsu, kuma ku 'ya'ya ku ne za ku tsaya a kan wannan, kada ku ce kuna jin nauyin Mama. Ni dai kambas ne mai taushin ciki, wanda na riga na taka da shi zuwa Muda Lawal na dawo ba sau ɗaya ba, da sandal mai maɗauri a diddige da ƙasan roba mai kama ƙasa. Ki saya da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, domin zaman jirgi ma zai kumbura ta. Filasta kuma ta zauna a jakar hannu.

Sai maganar yadi, wadda ita ce sana'ata. Leshi da shadda kayan biki ne. Leshi mai dutse guda ɗaya na cinye nauyin riguna uku, shadda kuma in ta kwana a akwati sai an nemo dutsen guga, ga sitati da ke narkewa a laimar bakin teku. Baƙar abaya ta roba tana dafa mutum da rana tsaka, zufa ba ta fita. Auduga mara kauri da lilin da yadin nan mai laushi da ba ya yamutsewa su ne abokan tafiya, kuma launi mai haske, amma ki ɗaga yadin ki duba shi a rana kafin a yanka, don fari mara shafi yana nuna jiki. Sabuwar atamfa a wanke ta tukuna, kada gumi ya sauke miki launinta a farin hijabi. Na mako guda ni riguna biyar nake ɗauka da wanduna uku da mayafai huɗu masu shiga da kowace riga, sai kaya guda na fita kunya saboda hoto. Ina naɗe su ne kamar tabarma maimakon ninki. Yawancin jiragen da ke tashi daga Abuja da Kano kilo 23 suke ba kowace jaka, ta hannu kilo 7 ko 8, amma ƙananan jiragen da ke kai mutum tsibiri sau da yawa ba su kai haka ba, kuma kuɗin ƙarin nauyi da kuɗin waje ake biya. Ki tuna ke za ki ja akwatin nan a kan daɓen dutse, kuma tsaraba na jiran wuri.

Masu shiga ruwa, ku saurare ni. Wikki da kuka saba da shi a Yankari ruwa ne kwantacce mai ɗumin digiri 31, ana ganin yashin ƙasa. Teku na da igiya, yana ja. Shiga da abaya ko doguwar rigar auduga ganganci ne, domin ta sha ruwa ta yi nauyi ta naɗe ƙafafu, in kin fito kuma ta manne a jiki, suturar da ake nema ba a samu ba. Akwai rigar iyo ta mata mai rufe jiki duka da hularta, ana samu a Santambul cikin sauƙi. Ki zaɓi wadda ke da maɗauri tsakanin riga da wando don kada ruwa ya ɗaga ta. Da kin fito ki ɗauraye ta da ruwan famfo, ki ɗauraye kanki ma. Kitso a yi shi a gida, ƙanana marasa ja, ba na ƙari mai nauyi da zai kwana bai bushe ba a ƙarƙashin hula.

Kuma don Allah a daina cewa baƙar fata ba ta ƙonewa. Tana ƙonewa, hasken da ke dawowa daga ruwa da farin gini ya fi wanda kika sani. Ku kuma masu shafe-shafen mai na sauya launi, ku kuka fi kowa shiga haɗari, fatarku ta riga ta yi laushi. Na ga wadda ta dawo kumatunta sun yi baƙi ƙirin, ta shafe watanni tana neman magani. Man kariya daga rana mai lamba 30 ko 50, a fuska da bayan hannu da saman ƙafa, a sake shafawa bayan alwala. Man kaɗanya na dare ne, ba ya tare rana.

Sauran ƙanana ne amma suna ɓata tafiya. Turaren wuta da kasko su zauna a gida, ɗakunan otal na da na'urar jin hayaƙi kuma ana cin tara. Humra a ɗura a ƙaramar kwalba a ƙulle a leda, abin ruwa da ya wuce mililita 100 ba ya wucewa a jakar hannu a yawancin filayen jirgi. Kilishi da dambun nama ba a shiga da su ƙasashen Tarayyar Turai, za a karɓe. Lalle a yi shi, amma a bar kan yatsu, saboda na'urar ɗaukar zanen yatsa, kamar dai yadda ake gargaɗin 'yan JAMB. Baƙin lallen da ake zanawa a bakin teku kuma kada ki kusance shi, sinadarin rini ne a ciki, yana ƙona fata. Gwal ɗinki na aure ba abin kai wa rairayi ba ne. Soket ɗin Saifurus da Malta irin namu ne mai baki uku, na Girka da Turkiyya mai zagayayyen baki biyu ne, sai da adafta. Batirin cajin waya a jakar hannu yake tafiya, ba a babban akwati ba. Magani a bar shi a kwalinsa da takardar likita, musamman mai kodin. Audugar mata ki taho da wadda kika saba. Mai jiri a ruwa ta riƙe citta ko maganin amai, ta sha kafin a tashi.

Wajen salla, ki tafi da hijabi mara nauyi da darduma ta aljihu da gorar da za ta zame miki buta, don banɗakunansu da yawa takarda ce kawai. Kada ki fuskanci fitowar rana yadda kika saba a gida, daga can alƙibla kudu maso gabas take. In Allah ya kai ki birnin Larnaka na Saifurus, a bakin tafkin gishiri akwai masallacin Hala Sultan inda kabarin Ummu Haram bint Milhan yake, matar Ubada ɗan Samit, wadda ta rasu a tsibirin zamanin Sayyidina Usman. Tsibirin a rabe yake kudu da arewa, masallacin yana ɓangaren kudu ne, kuma wadda ta sauka ta arewa da fasfon Najeriya kada ta ɗauka za ta tsallaka haka kawai, izinin shigarsu daban ne. Irin waɗannan wurare ana yawan cire takalmi, sai ki riƙe safa a jaka.

Jakar hannu kuma ki sa mata cikakkun kaya guda, riga da wando da mayafi da na ciki, tare da fasfo da katin allurar shawara. Daga Bauchi zuwa Abuja zuwa Santambul zuwa tsibiri sauyin jirgi ne da yawa, akwati kan makara kwana ɗaya ko biyu, kuma shagunan bakin teku ba su cika sayar da doguwar riga mai hannu daidai jikinmu ba.